Wasiƙunku da Amsoshina: Taron Tsintsiya Ba Shara

Wasiƙun da suka taru mini a wannan wata kamar an haɗa baki. Ba wanda ya yi kukan aiki ya fi ƙarfinsa. Kowa da mutanen da suke aikin tare yake kuka. Na zaɓi biyar, na rage musu tsawo, na cire sunaye kamar yadda muka saba. Ga waɗanda yau suka fara leƙo wannan fili: shekara 31 na yi ina aikin jinya, fiye da rabi a ɗakin tiyata, inda mutum shida ko bakwai ke tsaye a kan mutum ɗaya da ba shi da bakin cewa uffan. Ɗan abin da na sani game da aiki tare a can na koyo shi, wani da daɗi, wani da kunya.

TAMBAYA: Anti, barka da aiki. Mu shida ne a siton wani kamfani, mu ke sauke kaya, mu ƙirga, mu jera, mu rubuta a littafi. A takarda aikin namu ne duka, amma a zahiri ni da wani muke yi. In mota ta tsaya, wannan zai tuna yana da kiran waya, wancan bayan gida, ɗaya kuma ya ɗauki kwali guda ya yi ta yawo da shi kamar mai neman inda zai kwantar da jariri. Albashinmu ɗaya. Na gaji, har na fara tunanin ni ma in naɗe hannu a yi ta ta ƙare. Me kike gani?

AMSA: Ɗana, kwalin nan ya ba ni dariya, don na san ɗan'uwansa. A wajenmu fayil ne. Mutum ya rungumi fayil ɗin majiyyaci ya yi ta safa da marwa a baranda, duk wanda ya gan shi ya ce wane aiki ya sha masa kai.

Amma kafin ka yanke hukuncin cewa Allah ya haɗa ka da malalata huɗu, ji wannan. Wani injiniyan aikin gona ɗan Faransa, Max Ringelmann, ya sa mutane jan igiya yana auna ƙarfinsu, kowa shi kaɗai, sannan a haɗe. Abin da ya wallafa a 1913 ya nuna in mutum biyu ne, kowa na ba da kashi 93 cikin ɗari na ƙarfinsa. In uku ne, 85. In sun kai takwas, 49. Ƙarti takwas, ƙarfin mutum huɗu. Ana iya cewa ai ba sa ja a tare ne, wannan ya fizga yanzu, wancan sai an jima. To a 1974 wasu masana a Amurka suka sake gwajin da dabara: suka ɗaure wa mutum ido, suka sa shi a gaban igiya, waɗanda ke bayansa kuwa kamar suna ja suke yi, ba ja suke ba. Shi kaɗai ke ja, amma ƙarfinsa ya ragu, don kawai yana jin akwai wasu. Daga baya aka gwada da ihu, aka ga a taro kowa na rage murya. Da aka ba kowa makirufo nasa, aka ce za a san iya ƙarar da ta fito daga bakin kowa, sai ragin ya ɓace. Mutanen dai su ne, halinsu bai canja ba. Aikin ne ya samu suna a jikinsa.

Shi ya sa in muna koyar da taimakon gaggawa muke cewa kada ka tsaya a kan wanda ya faɗi kana ihun "wani ya kira mota". Wani ba ya kiran mota. Nuna mutum ɗaya da yatsa: kai mai shuɗiyar riga, kira mota, ka dawo ka gaya mini. A siton naku "wani" ne ke sauke kaya, kai ne kuma ka zama wanin.

In ni ce kai, ba zan je wa mai kula da ku da ƙarar su wane ba sa aiki ba. Za su musa, a yi cacar baki, ka fito da sunan mai kai gulma. Da allo da alli zan je masa. Ku shida, bibbiyu, kashi uku ke nan. Motar farko ta su wane ce tun daga buɗe ta har sa hannu a littafi, ta biyu ta su wane, a riƙa juyawa. Kai da abokin ƙoƙarin nan naka ku rabu, kowa ya ja ɗaya. Cikin mako biyu waɗanda dama taro ne ya lulluɓe su za su miƙe, wanda kuma lalaci ke jininsa zai fito fili da motarsa a tsaye ba a sauke ba. Daga nan ya zama ciwon kan oga.

Sai dai laifi tudu ne. In mota ta tsaya, wa ke fara tsalle ya hau? In wani ya jera kwalaye ba yadda kake so ba, nuna masa kake yi ko ture shi kake ka sake jerawa? Na yi wannan halin shekaru. Ni a ganina zafin nama ne, ashe koya wa na ƙasa da ni nake cewa in sun ɗan jira, Sista za ta yi. Ka kuma ja mai yawo da kwalin nan gefe ka tambaye shi lafiyarsa. Na ga masu ciwon baya da yawa da suka gwammace a ce musu malalata da a gane a sallame su. In haka ne, a ba shi littafi da ƙirga, ya bar ɗauka.

Naɗe hannu kuwa, kada ka fara. Su an saba ganinsu a zaune. Ranar da ka zauna, kai kaɗai za a gani.

TAMBAYA: Mama, ina wuni. Wata uku ke nan da ɗaukata aiki a ofishin kuɗi. Ran nan ina haɗa takardun biya sai na ga wata da nake kyautata zaton an riga an biya ta. Na kai wa ogana na ce, "Yallaɓai, kamar wannan an biya." Ko ɗago kai bai yi ba ya ce ya duba, ya sa hannu. Na ja bakina na yi shiru, don shekararsa 20 a aikin. Bayan mako biyu ta tabbata sau biyu aka biya. A taro ya ce, "Duk cikinku ba wanda ya lura?" Na sunkuyar da kai. Tun ranar ba na barci sosai. In tashi in ce na gaya masa, ko in bar kaza cikin gashinta?

AMSA: 'Yata, a kan wasiƙarki na fi daɗewa, don "kamar" ɗin nan taki ta taɓa kusan cin rai a hannuna. Zan zo kansa.

Ranar 27 ga Maris 1977, a tsibirin Tenerif na Sifaniya, manyan jirage biyu ƙirar Boeing 747, na KLM da na Pan Am, suna kan titin tashi guda cikin hazo mai kauri, ba mai hango ɗan'uwansa. Kyaftin ɗin KLM ba ƙaramin matuƙi ba ne. Shi ke shugabantar horar da matuƙan irin wannan jirgi a kamfanin, har hotonsa ake sawa a talla. Ya saki jirgi ya fara gudu, a zatonsa an ba shi izinin tashi. Injiniyan da ke zaune a bayansa ya ji wata magana a rediyo da ba ta kwanta masa ba, ya tambaya anya jirgin Pan Am ya bar titin kuwa. Kyaftin ya ce me ka ce, ya maimaita, kyaftin ya amsa da ƙarfin gwiwa cewa ya bari. Injiniya bai ƙara ba. Bayan 'yan daƙiƙu suka yi karo, mutum 583 suka mutu, har yau ba a yi haɗarin jirgin sama da ya kai shi ba. Gaskiya tana nan cikin ɗakin matuƙan, ta leƙo a matsayin tambaya, aka tsawatar mata ta koma. Wannan haɗari da wasu da suka biyo bayansa ne suka sa tun farkon shekarun 1980 kamfanonin jirage ke koya wa matuƙa yadda ƙarami zai taka wa babba birki, da yadda babba zai saurara.

Ga nawa. A ɗakin tiyata muna ƙirga ƙyallayen da ake tsane jini da su, kafin a fara da kuma kafin a rufe ciki. Wani dare aiki ya ja mu har wajen ƙarfe uku, ƙafafuna sun yi tsami, likita ya ce, "Sista, ƙirga." Na ƙirga na ce goma cif. Ya karɓi allura ya fara ɗinki. Wata ɗaliba da ba ta fi mako biyu da zuwa ba, tana tsaye wajen bokiti, ta ce can ƙasa-ƙasa, "Sista, kamar tara na gani." Na watsa mata harara ta saman takunkumi na ce na ƙirga. Ta ja baya ta manne da bango. Allah ya sa mai ba da allurar barci, wani dattijo mai natsuwa, ya ji. Ya ce, "Dakata. Me yarinyar nan ta ce?" Aka baje ƙyallayen aka ware su ɗaya bayan ɗaya. Tara. Ɗaya ne ya ninku ya yi baki biyu, na ƙirga shi sau biyu. Likita ya warware ɗinki uku, ya zura hannu, ya laluba bayan hanji, ya zaro na goma. Wanda bai taɓa gani ba ba zai gane ba: ƙyallen da ya sha jini ba shi da maraba da tsoka. Da an rufe da shi, sai zazzaɓi, sai ruɓa, sai a sake yanka, in an yi sa'a ke nan. Ba wanda ya ce mini ƙala a daren. Da ma zagina aka yi, da ya fi mini sauƙi. Washegari na nemi ɗalibar na ba ta haƙuri a gaban 'yan ajinsu, ban taɓa furta abin da ya yi mini nauyi a baki kamarsa ba.

Laifina ya fi nata nesa ba kusa ba, haka na oganki ya fi naki. Amma ke kika rubuto, don haka ga naki rabon. "Kamar" ƙofa ce kika buɗe wa babba ya fice ta ciki. Nan gaba ki jira ya ɗago kai, ki faɗi abin da kika gani da lambarsa, ki faɗi abin da zai biyo baya, ki nemi abu ɗaya ƙarami: "Yallaɓai, takardar nan mai lamba kaza na gan ta cikin waɗanda aka biya ranar kaza. In ta wuce, biya biyu ke nan. A ba ni minti goma in ɗauko fayil kafin a sa hannu." Ba rashin kunya a ciki ko ƙwaya ɗaya. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. In ke kika yi kuskure, minti goma aka yi asara.

A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da jerin abubuwa 19 da za a tabbatar a kowace tiyata. Da aka gwada shi a asibitoci takwas na ƙasashe takwas, masu hali da marasa hali, mace-mace suka sauko daga kashi 1.5 cikin ɗari zuwa 0.8. A cikin jerin akwai wanda na ga manyan likitoci na yi wa dariya: kafin a sa wuƙa, kowa a ɗakin ya faɗi sunansa da aikinsa. Ni ban yi dariya ba. Wanda ya buɗe baki sau ɗaya a ɗaki, na biyun ba ya yi masa wuya, wadda kuma aka san sunanta ta tashi daga "yarinyar nan".

Manya masu karanta mu ma ga nasu. Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard ta yi bincike a sassan jinya a shekarun 1990, tana tsammanin waɗanda suka fi haɗin kai za su fi ƙarancin kuskuren ba da magani. Sai ta tarar su suka fi yawan kurakurai a rubuce. Da aka bi diddigi, ashe faɗa suka fi yi, sauran ɓoyewa suke don tsoron shugaba. In ofishinka tsit yake, ba mai kawo maka matsala, kada ka yi murna tukuna.

Yanzu tambayarki. Kada ki tashi a taro ki ce "ai na gaya maka". Gaskiya ce, amma daɗin minti ɗaya za ki ji ki sayi gabar shekara. Kuma ya tuna, kada ki yi shakka. Ni ma na tuna. Same shi shi kaɗai ki ce, "Yallaɓai, ranar nan na yi shakkar takardar amma ban tsaya a kan maganata ba. Ina roƙon duk takardar da wani ya yi shakka a kanta a riƙa ajiye ta gefe har mutum biyu su duba." Kin ba shi hanyar gyara ke nan ba tare da ya zubar da girma ba. In kuwa aka nemi ɗora miki laifin a rubuce, to ranar wanka ba a ɓoyon cibi: ki faɗi abin da ya faru, da rana da lokaci, ba ƙari ba ragi.

TAMBAYA: Anti, mu uku muka yi kwana biyar muna haɗa wani rahoto, ni na yi lissafin duka. Ranar gabatarwa shugabanmu ya tashi yana "na duba, na gano, na shirya". Manya suka yaba masa, mu ko kallo ba mu samu ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Yaya zan yi?

AMSA: Ƙanena, tsayawa gaban manya aikinsa ne, wannan kada ya dame ka. Goge sunayenku ne ba aikinsa ba. Na wannan karon ya wuce, kada ka bi ofis-ofis da ƙorafi, za a ce hassada ce. Na gaba, tun ran gini ran zane: ranar da aka raba aiki ka tura gajeren saƙo gare ku duka, wane lissafi, wance rubutu, wane zane, a kuma sa sunayen a shafin farko. Ka ce masa in an zo tambayoyin lissafi ya miƙo maka. Yawanci da sauri zai yarda, don wanda bai yi lissafi ba babu abin da yake tsoro kamar a tambaye shi inda lamba ta fito. Sannan kai ma ka duba bakinka. Ka ce ku uku ne, amma har na gama wasiƙarka ban ji abin da sauran biyun suka yi ba.

TAMBAYA: Hajiya, aikin dare nake yi a wata masana'anta. Masu aikin rana ƙarfe shida na yi sun watse, wani ma a bakin ƙofa muke karo yana ɗaga mini hannu. Makon jiya na kunna wani inji, ashe sun kwance shi suna gyara ba su gama ba. Wani ƙarfe ya fizge ya wuce ta gefen kunnena. Da na yi magana suka ce ai sun rubuta a littafi. Littafin kuwa yana cikin durowar da aka kulle. Laifin wa?

AMSA: Malam, barka da arziki, Allah ya ƙara kiyayewa. Irin abin da ya wuce ta gefen kunnenka shi ya ci mutum 167 a dare ɗaya.

Piper Alpha dandamalin haƙar mai ne a Tekun Arewa, gefen Birtaniya. Ranar 6 ga Yuli 1988 masu aikin rana suka cire bawul ɗin kariya na ɗaya daga cikin famfuna biyu masu tura ruwan gas, suka toshe bakin bututun da faifan ƙarfe na wucin gadi, lokacin tashi ya yi ba su gama ba. An cike takarda cewa kada a kunna wannan famfo. Amma ba a gaya wa masu karɓar aiki baki da baki ba, takardar kuma ba ta tare da sauran takardun gyaran famfon. Wajen goma saura na dare ɗaya famfon ya tsaya. Masu aikin dare suka duba abin da ke gabansu, ba su ga abin da ya hana ba, suka kunna wanda aka cire wa bawul. Gas ya fito ta gefen faifan, wuta ta tashi. Mutum 61 ne suka tsira. Ka ga, su ma sun rubuta.

Mu ma a asibiti mun daɗe muna miƙa aiki a tebur, mai tafiya na karanto rahoto da jaka a kafaɗa, mai zuwa na gyara hula. Daga baya muka koma yi a bakin gado, majiyyaci bayan majiyyaci, ido na ganin ledar ruwa da ciwon. Abin da ya fi aiki kuwa shi ne mai karɓa ta maimaita da bakinta: "Wato gado na huɗu ba a yi masa allurar ƙarfe takwas ba, kuma ba ya shan komai ta baki." Sau nawa a nan ake cewa a'a, gado na biyar nake nufi! Wani bincike da aka wallafa a 2014, a asibitocin koyarwa tara na Amurka da Kanada, ya nuna tsarin miƙa aiki mai ɗauke da wannan maimaitawa ya rage kurakurai da kashi 23 cikin ɗari.

Laifin wa? Masu rana na da nasu, amma wanda ya tsara aiki yadda wani ke fita a daƙiƙar da wani ke shiga ya fi su. Don haka kada ka mai da abin faɗan dare da rana. Ku haɗu ku nemi minti goma na haɗuwa a cikin lokacin da ake biyanku, a zagaya inji bayan inji. Littafi ya fito daga durowa. Duk injin da aka buɗe a yanke masa wuta, a sa kwaɗo a makunninsa, a rataya alama mai sunan wanda ya kulle, makulli a aljihunsa. Wannan tsohuwar ƙa'ida ce a masana'antu. Ka rubuta abin da ya same ka ka kai wa shugabanni tun ba a manta ba. Kafin su motsa kuma, kada ka sake kunna injin da ba ka zagaya shi da tocila ba.

TAMBAYA: Hajiya, gaisuwa da fatan alheri. Ina da wurin ɗinki, ma'aikata biyar. Na karɓi kwangilar kayan 'yan makaranta, saura kwana goma, ko rabi ba mu yi ba. Ina so in ƙaro teloli biyar. Ga kuma wata: manyan telolina biyu, mai yanka da mai haɗawa, wata huɗu ke nan ba sa ga maciji da juna. In sasanta su tukuna ko in ƙaro mutane?

AMSA: Alhaji, Allah ya ba da sa'a. Fred Brooks, wanda ya jagoranci wani gagarumin aikin manhajar kwamfuta a kamfanin IBM, ya rubuta a 1975 cewa ƙara ma'aikata a aikin manhaja da ya makara ƙara masa makara yake yi. Dalilin ya shafe ka. Sabon zuwa sai an nuna masa awo da irin ɗinkin da ake so da inda zare yake, mai nuna masan kuwa shi ne gwanin da kake buƙata a kan keke. Ga kuma yawan baki: mutum biyar, hanyoyin magana a tsakaninsu 10 ne, mutum goma, 45. Ka ware abin da ba ya buƙatar koyarwa, sa maɓalli, yanke zare, guga, ninki, ka ɗauki mutum biyu ko uku su ɗauke wa telolinka, ƙafar tela kada ta sauka daga keke. Ka kuma kira mai kwangilar yau ka gaya masa inda aka kwana, ka nemi a karɓi kayan kashi biyu. Ya fi ka kashe waya a rana ta goma.

Masu gabar kuwa, kada ka ɓata kwana goman nan wajen sulhu. Tara su ka ce gaisuwa ruwansu, amma maganar aiki dole. Mai yanka ya rubuta awo da adadi a jikin kowane ɗauri. Mai haɗawa in ya ga yanka bai yi ba ya mayar masa da kansa nan take, ba ta bakin yara ba, ba kuma bayan an ɗinka hamsin ba. Wanda ya ɓoye abin da aiki ke buƙata don ya ga ɗan'uwansa ya kunyata, ya wuce ƙiyayya ya shiga zagon ƙasa, shi za ka hukunta. Sulhu a bari sai an kai kaya, an huta, zukata sun sauka. In ya yiwu, madalla.

Na yi shekara tara da wani likita da jininmu bai haɗu ba ko kaɗan. Ni ina ganinsa mai girman kai, shi yana ganina mai tsaurin ido, kuma ina jin duk mun yi gaskiya. Daga "ina kwana" ba ma ƙara komai. Amma in ya miƙo hannu idonsa na kan ciwo, abin da yake nema shi zai ji a tafinsa, in kuma na ce lissafi bai cika ba, ajiye allura yake ba musu. In an liƙa jadawalin mako, sunana yake fara dubawa. Ranar da aka yi masa bikin sallama ina aikin dare, ban je ba, shi ma bai tambaya ba.